Ƙara Gini a Tsohon Gidan Jan Bulo Ba Tare da Facin Ya Fito Ba

Iyali sun ƙaru, ana son ƙarin ɗaki, ko a ja katanga, ko a toshe wata taga a buɗe ƙofa a gefe. Idan gidan na bulon siminti ne mai filasta, abin da sauƙi: a yi gini, a shafe, a yi wa bangon fenti gaba ɗaya, magana ta ƙare. Gidan jan bulo da aka bari tsirara ba ya rufa wa kowa asiri. Duk wanda ya wuce ta titi zai nuna maka inda tsohon gini ya tsaya da inda sabo ya fara, kuma haka zai zauna shekara da shekaru.

Irin waɗannan gidaje suna nan da yawa. Akwai su a cikin tsofaffin gidajen ma'aikatan jirgin ƙasa da na gwamnati, da makarantu da asibitocin da aka gina tun zamanin Turawa. Akwai kuma na baya-baya, daga shekarun 1970 lokacin da aka kafa masana'antun jan bulo a garuruwa irin su Jos da Kaduna da Kano da Maiduguri. A Njamena da Khartum kuwa ƙonannen bulo shi ne kayan ginin yau da kullum. Mafi yawan masu irin gidan nan, da zarar an yi maganar ƙari, sai hankalinsu ya tafi kan launin bulo kaɗai. Launi yana da muhimmanci, amma a ganina shi ne na uku. Girman bulo da kwaɓin da ke tsakaninsa su ne suka fi tona aiki, kuma su ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi.

Fara da karanta tsohon bangon

Kafin ka sayi ko bulo ɗaya, ɗauki tef da takarda ka tsaya gaban bangon. Auna tsawon bulo da faɗinsa da kaurinsa, ba guda ɗaya ba, kamar goma daga wurare daban-daban, domin bulon da aka buga da hannu ba ya zuwa daidai wa daida. Sannan ka yi awon da ya fi kowane amfani: daga saman wani sahu zuwa saman sahu na goma a ƙasansa, haɗe da kwaɓin da ke tsakani. Maimaita a kusurwa biyu ko uku.

Ga dalilin. Bulon zamani na ma'aunin mita yawanci milimita 215 ne a tsawo, 102.5 a faɗi, 65 a kauri. Da kwaɓi mai kaurin milimita 10, sahu huɗu suna ba da milimita 300. Tsofaffin magina da inci suke aiki, kuma sau da yawa sahu huɗu nasu ƙafa ɗaya ne, wato kusan milimita 305. Bambancin milimita 5 kamar ba komai ba ne. To amma bangon da ya kai mita 3 yana da sahu 40, kafin a kai linta da rufi bambancin ya zama santimita 5, layukan sabon gini sun zame daga na tsoho, ido kuma ba ya kuskuren ganin haka. Irin wannan ƙaramin bambanci ana iya shanye shi a cikin kaurin kwaɓi. Amma idan tsohon bulon mai kaurin inci 3 ne, sabon kuma milimita 65, to kowane sahu akwai giɓin fiye da santimita ɗaya, kuma duk birkilan da ya ce maka zai cike shi da kwaɓi, bango mai kaurin baki zai miƙa maka.

Da ka gama awo, sa kafinta ya fere maka doguwar sanda miƙaƙƙiya, ka jingina ta da tsohon bangon ka zana mata alamar kowane sahu. Wannan sandar ita ce alƙali har a gama aiki.

Bayan awo sai jeri. Duba yadda aka ɗora bulon. A wani bangon za ka ga sahu ɗaya duk a miƙe ta tsawo, na samansa duk kawuna, wato bulon da aka gitta, gajeren gefensa ke kallon waje. A wani kuma cikin kowane sahu ana bin tsawo ɗaya da kai ɗaya. Akwai wanda sai an yi sahu uku ko biyar na tsawo kafin a sa na kawuna, akwai kuma wanda babu kai ko ɗaya. Ɗauki hoto da waya, musamman kusurwa da gefen taga, inda ake saka 'yan yankakkun bulo don jeri ya daidaita. Ko da sabon bangon siriri ne, ana iya raba bulo biyu a jera rabin a matsayin kai don zanen ya ci gaba yadda yake.

Neman bulo

Mafi kyawun wurin samun bulon da zai dace da gidanka shi ne gidan da kansa. Idan za a fasa bango a buɗe ƙofar shiga sabon ɗaki, kada ka bari lebura ya hau shi da babbar guduma. A cire ɗaya bayan ɗaya da kurfi, a kankare tsohon kwaɓin, a jera a inuwa. Haka bangon da zai koma cikin ɗaki a shafe shi da filasta, da tsohuwar katangar baya, da kicin ko makewayin da aka daina amfani da shi. Waɗannan su za a sa a fuskar da ake gani daga titi, sabon bulo ya tafi baya da ciki. (Buɗe ƙofa a bangon da ke ɗauke da rufi aikin injiniya ne, a tokare kafin a taɓa. Kuma ƙarin ɗaki a birni yana buƙatar izinin hukumar tsara birane, kamar KNUPDA a Kano ko KASUPDA a Kaduna.)

Idan na gida bai isa ba, sai kayan rusau. Je da bulo biyu ko uku na gidanka a hannu, kada ka dogara da hoton waya, domin waya tana ƙara wa ja armashi. Wanke su tukuna, ka karya ɗaya: launin cikinsa shi ne asalin launin, na wajen kuwa ƙurar shekaru ce da hayaƙi. A wurin saye, haɗa bulo biyu ka ƙwanƙwasa. Wanda ya ƙonu sosai yana ƙara tas, wanda bai nuna ba ko ya tsage ta ciki sai ka ji ɗif. Ka kuma guji wanda aka ciro daga ƙasan bango inda damshi ya daɗe yana ci, da wanda tsohon siminti ya manne masa har sai an ɓantare gefensa kafin ya fita.

Sabon bulo shi ne zaɓi na ƙarshe, kuma ba laifi ba ne. Launinsa ya danganta da ƙasar da aka buga shi da ita da zafin wutar da ya sha: ƙasa mai yawan sinadarin ƙarfe tana ba da ja, wanda ya fi kusa da wuta ya fi duhu. Saboda haka ka nemi wanda aka buga a yankin da aka buga na farko idan ana iya ganewa. Gwada shan ruwansa: auna nauyinsa a bushe, jiƙa shi kwana ɗaya cur, sake aunawa. Idan ya ƙara fiye da kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa, bar musu kayansu. Kuma kada a ɗora bulon da ya fito daga wuta jiya-jiya. Ƙonannen bulo yana ɗan kumbura yayin da yake shan damshin iska, mafi yawa a makonnin farko, gara ya yi kumburinsa a ƙasa kafin ya hau bango.

Wajen lissafi, bango mai kaurin rabin bulo yana cin kusan 60 a kowace murabba'in mita, mai kaurin bulo guda 120. Ƙara kashi 10 cikin 100 saboda fashewa da yanka, fiye da haka idan kayan rusau ne. Saye gaba ɗaya a lokaci guda. Tsohon bango in ka lura ba launi ɗaya ba ne, akwai ja, akwai mai ruwan ƙasa, akwai mai baƙin kai. Don haka in kaya sun iso a gauraya su, lebura ya riƙa ɗauko wa birkila daga tsibi uku ko huɗu a lokaci ɗaya, kada a wayi gari da ɗamarar duhu a tsakiyar bango.

Kwaɓi: nan aikin yake

Yi lissafi da kanka. Fuskar bulo ɗaya tare da gaɓarsa, wato layin kwaɓin da ke tsakaninsa da na kusa, milimita 225 ce sau 75, bulon kansa 215 sau 65. Abin da ya rage, kusan kashi 17 cikin 100 na duk abin da ido ke gani a bango, kwaɓi ne. Tamkar facin riga ne: ko yadin ya zo iri ɗaya, in zaren ya bambanta daga nesa za a gane. Na sha ganin ƙarin da bulonsa ya dace ƙwarai amma aka ɗora shi da siminti mai toka-toka kusa da tsohon kwaɓi mai ruwan madara, sai duk sabon ɓangaren ya yi duhu, mai gida yana ta zargin mai sayar da bulo.

Ɓantaro guntun tsohon kwaɓi daga wani lungu, ka shiga ciki kaɗan don ka wuce dattin waje. Karce shi da ƙusa. Idan yana marmashewa cikin sauƙi, fari-fari ne, har da 'yan ɗigon fari a ciki, alama ce ta farar ƙasar gini, wadda masu sayar da kaya ke kira layim. Idan ƙusa ta zame ba ta yi masa komai ba, siminti ne ya yi rinjaye. Daka guntun ka zuba a kofin gilashi da ruwan khal mai ƙarfi: mai farar ƙasa zai yi ta tafasa da kumfa, na siminti kumfarsa kaɗan ce. Bar shi ya kwana, tace, wanke abin da ya kwanta a ƙasa ka shanya a farar takarda. Wannan shi ne yashin da magabata suka yi aiki da shi. Dubi launinsa da girman ƙwayarsa, domin yashi ne ke ba kwaɓi mafi yawan launinsa. Na wani rafi ja-ja ne, na wani fari, na wani rawaya mai tsakuwa-tsakuwa. Ɗauki samfurin a leda ka zaga wurin masu tifa da masu amalanke har ka samu makamancinsa, ko ka haɗa iri biyu.

A nan za ka yi ja-in-ja da birkila. Zai ce maka, "Alhaji, a ƙara siminti ya fi ƙarfi." Ka ce masa, "Malam, ba ƙarfi nake nema ba, daidai nake nema." Ƙa'idar ita ce kwaɓi ya fi bulo taushi. Bango yana motsi da zafi da sanyi, yana shan ruwa yana fitarwa. Idan kwaɓi mai taushi ne, shi zai ɗauki motsin, damshi ya fita ta cikinsa, in ya cinye bayan shekaru a sake cikawa. Idan ya fi bulo tauri, bulon ne zai biya: gefensa ya ɓantare, fuskarsa ta zube, kwaɓin ya tsaya zuru-zuru. Tsohon bulon hannu ya fi kowane saurin cutuwa da haka.

Ga ma'aunin da aka saba: kwano 1 na siminti, 1 na farar ƙasa, 6 na yashi, don bulo mai matsakaicin ƙarfi. Ga bulo mai taushi, 1 da 2 da 9. A auna da kwanon sarki ko bokiti ɗaya, a share bakinsa da katako kowane lokaci. Awon shebur shi ke sa kwaɓin safe ya bambanta da na yamma. Idan launin ya yi duhu, a maye wani ɓangare na simintin da farin siminti. Idan sai an sa hodar launi, irin jan da ake zubawa a daɓen ɗaki ko rawaya ko baƙi, a sa kaɗan-kaɗan, kada ta wuce kashi 10 cikin 100 na nauyin siminti, a gauraya a bushe kafin ruwa. Farar ƙasa tana ƙona fata da ido, a sa safar hannu.

Kada ka yanke hukunci kan ɗanyen kwaɓi, yana haske sosai in ya bushe. Yi 'yan curi huɗu ko biyar da ma'auni daban-daban, rubuta ma'aunin kowanne a jikin katakon da ka ɗora shi, bar su mako guda, karya su ka kara da tsohon.

Sannan gani ya kori ji: sa birkila ya gina ɗan bangon gwaji kamar murabba'in mita ɗaya, dab da tsohon bango, yana fuskantar inda sabon zai fuskanta. Ba shi mako ɗaya ko biyu. Ja da baya kamar mita 3 ka duba da safe, da tsakar rana, da la'asar lokacin da haske ke zuwa a karkace yana fito da kowane tudu da kwari. Watsa wa duka biyun ruwa ka sake dubawa, don da damina haka za su kasance. A nan ne kuma za ka gane ko birkilan naka ya iya jan bulo ko bulon inci tara kawai ya saba ɗorawa. Hannun biyu ba ɗaya ba ne.

Inda sabo ya haɗu da tsoho

Tsohon gida ya gama zama tun tuni. Sabon harsashi kuwa zai ɗan nutse a shekarun farko, ko da an yi shi da kyau, musamman a baƙar ƙasa mai kumbura da damina ta tsage da rani, irin ta yankin Tafkin Chadi. Tona rami kusa da tsohon harsashi ka ga zurfinsa, na sabon kada ya gaza shi, kuma kada a yi tona a ƙarƙashin tsohon. Shimfiɗar hana damshi, wadda ake sawa a gindin bango don kada ruwan ƙasa ya hau, ta zo daidai da ta tsohon.

Hanyar da magina suka fi so ita ce haƙora: a zare bulo ɗaya a bar ɗaya a gefen tsohon bango, a cusa sabo a gurbin. In ta yi kyau babu kamarta, layin haɗi ya ɓace ɗungum. Amma tana da sharaɗi biyu: girman bulo ya zo daidai sak, kuma ƙasa ta zama mai ƙarfi. In ɗaya ya ɓace, tsaga za ta bi haƙoran nan kamar matakala. Ta dace da toshe taga ko ƙofa da gyaran ɓangaren da ya rushe, inda duk ginin ke kan harsashi ɗaya.

Ga ɗaki sukutum, na fi son a bar miƙaƙƙiyar gaɓa. A ɗaure sabon bango da tsoho da 'yan ƙarafa marasa tsatsa kowane sahu uku, a bar tsaga ta kusan santimita ɗaya, a cike ta da abin liƙi mai taushi mai launin kwaɓi. Sai a ɓoye ta da dabara: a sauko da bututun ruwan rufi a kanta, ko a ja sabon bangon baya da rabin bulo don haɗin ya faɗa cikin lungu. Wannan ja da baya yana da wata fa'ida: bango biyu da ba sa kan layi ɗaya haske ba ya faɗa musu iri ɗaya, ido kuma yana yafe ɗan bambancin launi. Idan kuwa bulon ya ƙi dacewa sam, kada a tilasta. A shafe sabon ɗakin da filasta, a yi masa ɗamarar jan bulo a ƙasa da kewayen taga. Bambancin da aka yi da gangan ya fi kamannin da bai kai ba kyan gani.

Abu ɗaya da ba a yi: cusa bulon siminti cikin haƙoran jan bulo. Na siminti yana ƙanƙancewa in yana bushewa, ja yana kumbura, dole su rabu.

Ɗorawa da gyaran gaɓa

Jan bulo mai ƙishirwa ne. In aka ɗora shi a bushe zai tsotse ruwan kwaɓi kafin ya kama. A jiƙa shi tun da wuri, a bari ruwan saman ya tsane, a kuma yayyafa wa gefen tsohon bango. A ja zare daga tsohon sahu kowane layi, a bi sandar awo. Idan tsohon bango ya ɗan karkata, kusa da haɗin a bi shi, a gyara a hankali can gaba. Kada a wuce kamar sahu 16 a rana. Da hunturu da bazara iska da rana suna busar da kwaɓi kafin ya yi ƙarfi, sai a rufe aikin da jiƙaƙƙen buhun algarara, a riƙa yayyafi kwana uku zuwa bakwai. Da damina a rufe saman da leda kowace yamma.

Siffar gaɓa ita ce ke yin inuwa, inuwa kuma ita ke sauya launin bango daga nesa. Duba ta tsohon: a shafe take daidai da fuskar bulo, ko an loma ta da lanƙwasasshen rodi, ko an karkata ta da bakin cokali don ruwa ya zame, ko shekaru sun cinye ta ta shige ciki har ƙwayar yashi ta fito. Wannan ta ƙarshe ake yawan samu, kuma ana kwaikwayonta cikin sauƙi: a jira kwaɓi ya yi taurin da babban yatsa zai bar ɗan shaida kawai, a kankare shi ya shiga milimita biyu ko uku, sannan a daddoka da bakin burushi mai tauri, ba gogawa ba. Lokacin yin haka ya zama ɗaya kullum, domin gaɓar da aka gyara da ɗanye tana fitowa da haske, wadda aka bari ta bushe da duhu. Mutum ɗaya ya yi ta daga farko har ƙarshe. Kwaɓin da ya zubo a fuskar bulo kada a shafe shi da jiƙaƙƙen tsumma, a bari ya ɗan bushe a ɗauke da cokali.

Bayan an gama

Makonni kaɗan za ka iya ganin farin gari kamar kanwa ya fito a sabon bango. Gishirin cikin bulo da yashi ne ruwa ya fito da shi. Goge da busasshen burushi, kada ka wanke, ruwa mayar da shi ciki yake yi ya sake fitowa. Ka kuma hana kowa zuwa da asid, yana cin kwaɓin farar ƙasa ya bar tabo.

Sau da yawa abin da ya rage ba tsufantar da sabo ba ne, wanke tsoho ne. Ruwa da burushi mai taushi da ɗan sabulu sun isa su dawo da shi kusa da asalinsa. Injin feshi mai ƙarfi da burushin waya suna kankare fatar bulo, daga nan sai ya fara shan ruwa.

In har yanzu sabon yana ƙyalli, akwai tsohuwar dabarar kunkunniya: a ɗaure ta a tsumma, a jiƙa a bokiti kwana biyu, a tsarma ruwan sosai, a shafa da burushi bulo ɗaya-ɗaya, a tsallake wasu. A fara a bangon gwaji, kuma shafa mai rauni sau uku ta fi mai ƙarfi sau ɗaya, tunda ƙarawa ake iyawa ba ragewa ba. Fenti da man sheƙi kuwa a nisance su, suna toshe numfashin bango kuma sukan ɓare. Ni dai shawarata a jira hunturu ɗaya da damina ɗaya su wuce kafin a taɓa, domin ƙura da feshin ruwa suna rage bambancin fiye da yadda ake zato. Ragowar bulo ashirin ko talatin a ajiye su a waje inda rana da ruwa za su same su tare da bangon, a rubuta ma'aunin kwaɓi da wurin da aka ɗebo yashi a takarda, a haɗa da takardun gida don ranar da za a sake gyara.